Kaset ɗin da na tono a bayan kasuwar Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, tun azahar aka ɗauke wuta, ga zafin Garwa ta Kamaru na watan Afrilu kamar an buɗe wa mutum tanda. Bari in matso da kyamara ku gani.

Wannan kwalin da ƙura ta rine, kaset ɗin bidiyo ne, fim ɗin Indiya Chalti Ka Naam Gaadi, na 1958. Wajen wani dattijo na same shi, wanda a da yake ba da hayar kaset. Na ce, "Baba, nawa za ka bar mini?" Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ɗana, wa ke kallon wannan yanzu? Kawo sefa dubu, ka haɗa da na ƙarƙashinsa." Ai kuwa na tattara kafin ya sake shawara.

Mu da muka taso a Kano, in an ce fim ɗin Indiya sai dambe da kuka da ɗaukar fansa. Na barkwanci irin wannan sun wuce mu. 'Yan uwa uku ne da garejin gyaran mota, kuma a zahiri ma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: Ashok Kumar, Anoop Kumar da Kishore Kumar. Babban ya haramta zancen mace a gidan. Sai ga jaruma Madhubala cikin dare, ruwa na zuba, motarta ta mutu. Kishore ya gyara, ta tafi ba ta biya ba. Rufi 5 da anna 12 fa, kuɗin Indiya na da! Ya tashi bin bashi, bashi ya rikiɗe ya zama so. Soyayyar tasu kunya ce kawai da zolaya, kuma wallahi ta fi ratsa ni.

Matsalar tara kaset a nan, wasu daga Chadi suka tsallako, tsarin launinsu SECAM ne, na'urata kuwa wani tsarin ce daban, PAL, sai ka saka launi ya gudu ya bar ka. Wannan dai baƙi da fari ne tun asali, ba abin da zai gudu.

Na riga na goge kan na'urar da auduga, don ƙurar hunturu ta cika ta. Zaren ya ɗan yamutse daga farko, ina jin wajen ruwan saman ya tsira. Bari in tura shi mu gani, bismillah.