Manhajar da ke faɗa maka jam'iyyar da ta dace da kai

Zainab: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Nura da Aliyu za mu taɓa wani abu da malaman kimiyyar siyasa suka daɗe suna yi a Turai, shafi ne na intanet da za ka shiga ya jero maka tambayoyi ka amsa, a ƙarshe ya ce ga jam'iyyar da bakinku ya fi zuwa ɗaya.

Aliyu: Ni fa tun yanzu ina da ja. Wato kwamfuta ce za ta zaɓar min wanda zan dangwala wa?

Malam Nura: Haba Aliyu, bari a kai ƙarshe mana. A Holan aka fara, StemWijzer sunansa, 1989, lokacin ma takarda ce da ɗan faifai, sai 1998 ya hau intanet. Jamus suka ɗauko salon a 2002 suka yi Wahl-O-Mat. Batutuwa 38 ake ba ka, ka ce na yarda ko ban yarda ba ko ina tsakiya, wanda ya fi damunka ka ninka masa maki, su ma jam'iyyun sun riga sun amsa nasu, sai a gwada naka da nasu. A zaɓen 2021 an yi amfani da shi sama da sau miliyan 21.

Zainab: Sau ka ce ko Malam, ba mutum ba.

Malam Nura: Ƙwarai kuwa, wani zai yi ya ga sakamakon bai masa daɗi ba ya sake komawa.

Aliyu: To wa ke zaɓo batutuwan nan 38? Ai nan gizo ke saƙar.

Malam Nura: Yauwa, yanzu ka zo. A Jamus matasa masu zaɓe ake tarawa su zauna da masana su tace. Amma duk da haka, wani farfesa a jami'ar Antwerp ta Beljiyam, Stefaan Walgrave, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa in ka canza tambayoyin da aka zaɓo kawai, jam'iyyar da za ta fito a sama ma canzawa take. Ka cika tambaya kan haraji wata ta ci riba, ka cika kan baƙin haure wata daban ce za ta ci, kuma mai amsawa bai san an yi ba, shi dai ya ga kashi kaza cikin ɗari ya ɗauka lissafi ne tsantsa ba hannun mutum a ciki.

Zainab: Har kotu fa aka je. A 2019 dab da zaɓen majalisar Turai jam'iyyar Volt ta kai ƙara, wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta sa aka rufe Wahl-O-Mat na 'yan kwanaki, saboda a wancan lokacin jam'iyyu takwas kawai ake bari ka gwada a lokaci guda, ƙananan sai su ɓace.

Aliyu: Kuma jam'iyya ai za ta iya amsa abin da take ganin zai jawo mata mutane, ko ba haka ba?

Malam Nura: Shi ya sa André Krouwel da ya kafa Kieskompas, wani shafin irin wannan a Holan, a 2006 bai tsaya ga bakinsu kaɗai ba, masu bincike ke bin kundin manufofin jam'iyya su duba ko amsar ta yi daidai da abin da ta rubuta. Kuma kar mu manta su ma malaman suna ƙaruwa. Vote Compass da aka fara a Kanada a 2011 tare da CBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, amsoshin da jama'a suka bayar su ake nazari a kai daga baya, duk da dai masu shiga galibi waɗanda dama siyasa ta dame su ne.

Aliyu: Duk wannan alkawari ne a takarda fa Malam. Ni abin da suka aikata nake so in gani.

Malam Nura: Akwai shi. 'Yan Holan ɗin suna da StemmenTracker, shi yadda jam'iyyu suka kaɗa ƙuri'a a majalisa yake gwada maka da ra'ayinka.

Aliyu: To wannan kam zan iya zama in cike.

Zainab: Mun ji ka, kar dai ka sake komawa in sakamakon bai maka ba. Jama'a sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.