Buɗe ƙofa ka jira: ɗaukar hoto mai dogon lokaci da harafin B

An gabatar da wannan lacca a wani zaman masu ɗaukar hoto a garin Jos, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa a wurin.

Assalamu alaikum. Iyayenmu a wannan sana'a da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ƙannena maza da mata, barkanku da zuwa. Duk wanda ya zo da kyamara ya fito da ita ya riƙe, domin maganar yau da hannu za a yi ta.

Ku sa ta a M, wato inda ake saita komai da hannu, ku yi ta murza mamurɗin da ke sauya saurin ɗauka zuwa ɓangaren jinkiri. Za ku wuce 1/60 na sakan, 1/30, ku iso sakan ɗaya, sakan 15, sakan 30. Yawancin kyamarorin da ke hannunmu a nan lissafinsu yake ƙarewa. To ku ƙara murzawa sau ɗaya. Wasu za su ga an rubuta bulb, wasu kuma a kan babban mamurɗin sama za su sami harafin B kusa da M. Aikinsa ba wuya: muddin yatsanka yana danne da maɓalli, ƙofar haske a buɗe take, ka ɗaga ta rufe. Ko sakan 40 ne, ko minti biyar, ko awa guda, kyamara ba ta da ta cewa.

Da yawanmu mun shekara muna cin abinci da kyamara, yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi walima, amma ba mu taɓa leƙa wannan harafi ba. Abincin yana wajen filasha da 1/125, na sani. Sai dai abin yana damuna, domin muna zaune a garin da Allah Ya haɗa wa duwatsu, da ruwa, da sanyi, da hadari mai walƙiya, kuma da rana ta faɗi sai mu mayar da kyamara jaka mu ce haske ya ƙare. Haske bai ƙare ba, raguwa ya yi. Ku ɗauki sensar kyamara, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, kamar bokitin da aka tara ƙarƙashin indararo. Da rana ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, nan take ya cika. Da dare yayyafi ne, zai cika shi ma, sai dai ka ba shi lokaci.

Da jira aka fara wannan sana'a. Hoton da ake ɗauka a matsayin mafi tsufa da ya rage na abin da kyamara ta gani, Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, kuma sai da ya bar kyamarar a buɗe aƙalla awa takwas. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Paris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne na jama'a da kekunan doki, amma a hoton fayau yake. Ɗaukar ta ci mintuna da dama, duk abin da ke tafiya bai daɗe a wuri ɗaya ba har ya bar alama. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ku riƙe wannan, shi ne tushen komai: a doguwar ɗauka, abin da ya tsaya yana fitowa, abin da ke motsi in ba shi da haske yana ɓacewa, in yana da haske yana zama zare.

Yanzu ga abin da na fi son ku tafi da shi. Ana cewa amfanin B shi ne ya wuce sakan 30. Gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi wannan. A B kai ne kake yanke lokacin da hoto zai ƙare, kana kallon abin da ke faruwa a gabanka. Ku tuna Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, da daddare. Tirela ta ɗauko kaya tana gangarowa a ƙaramin giya, a hankali, tana bin kwana. In ka sa sakan 30, ƙofa za ta rufe motar tana tsakiyar kwana, zaren fitilar ya yanke a banza. In ka sa B, ka buɗe tana shigowa, ka bi ta da ido, ka rufe bayan ta fita, sai ka sami kwanar gaba ɗaya an zana ta da haske, fari a hannu ɗaya, ja a ɗaya hannun. In hanya ta yi shiru ba mota, ka sa baƙar hula ko baƙin kwali a gaban idon kyamara ba tare da ka taɓa ta ba, wata motar ta taho ka janye. Da haka za ka tara motoci biyar a hoto ɗaya ba tare da sararin sama ya yi fari ba. Sai dai don Allah, a wannan hanya ku nemi wuri can sama nesa da kwalta. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa in birki ya ƙwace a wurin.

Kayan aiki ba su da yawa. Sitan mai ƙafa uku, mai nauyi, wanda iskar Jos ba za ta kaɗa ba. In naka mara nauyi ne ka rataya masa jaka a tsakiya. Sai rimot mai waya wanda ke da makulli, domin ba yatsan da zai danne maɓalli minti uku bai girgiza kyamara ba. Wasu kyamarorin suna da T, ka danna sau ɗaya ta buɗe, ka sake dannawa ta rufe. Ka kashe abin hana rawar hannu, wanda Canon ke rubuta IS, Nikon ke rubuta VR, tunda kyamara a kafe take. Ka saita fokas da hannu, ka haska tocila a kan dutsen ko bishiyar da kake so, ka saita, ka bar shi. Masu kyamara mai madubi a ciki su toshe tagar leƙawa ta baya, haske yana kutsawa ta nan ya ɓata hoto. Ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba.

To, minti nawa za ka bari? Nan mutane suke ɓata dare da cinke. A B mitar kyamara ba ta taimakonka, amma akwai lissafi mai sauƙi. Ka kai ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara, zuwa 6400, ka zaɓi lambar f, wato faɗin ramin da haske ke shiga, wadda za ka yi aiki da ita, ka yi gwaji da sakan biyu, ko huɗu, har hasken ya yi maka daidai. Hoton zai yi tsaki-tsaki, ba komai, gwaji ne. Daga 6400 zuwa 100 kana raba haske biyu har sau shida, wato ninki 64, kusan 60 ke nan. Saboda haka duk sakan ɗaya a ISO 6400 minti ɗaya ne a ISO 100. Gwajinka ya yi kyau a sakan huɗu? Ka dawo ISO 100, ka buɗe minti huɗu. Kuma kada allon baya ya ruɗe ka, a cikin duhu kowane hoto yana yi wa ido haske. Ka duba jadawalin haske, ka tabbata bai tattare a gefen hagu ba.

Da rana ma ana yi, da baƙin gilashin da ake kira ND. Mai mataki goma yana rage haske ninki 1024. Da tsakar rana, a f/16 da ISO 100, kana wajen 1/100, to da gilashin sakan goma kawai za ka samu. Amma da yamma liƙis, ko ranar da gari ya lumshe, in mita ta ba ka 1/8, da gilashin ya zama sakan 128, minti biyu da ɗoriya. Ka je kasuwar Terminus a irin wannan lokaci ka gwada. Masu wucewa za su zama hayaƙi-hayaƙi ko su ɓace, mai tebur da ke zaune kan kayansa ya fito. Shi ya sa ya wajaba ka gaishe shi ka nemi izininsa tukuna, don shi ne zai fito a hoton. Ka tsara hotonka ka saita fokas kafin ka ɗaura gilashin, in ka ɗaura ba abin da za ka gani.

Game da ruwa ina da ra'ayi, wani zai iya saɓa mini. Magangarar ruwa irin ta Assop ba ta buƙatar B. Rabin sakan zuwa sakan biyu ya isa ruwan ya yi laushi amma ƙarfinsa yana nan. In ka kai minti biyu, sai ya zama fari fat ba siffa, ƙarfin da ya kai ka wurin ya tafi. Inda mintuna ke da amfani shi ne ruwan kwance, kamar dam ɗin Lamingo ko kududdufan da haƙar kuza ta bari: ruwan ya kwanta sumul, gajimare ya ja layi a sama. Bakin kududdufan nan yana zaftarewa, zurfinsu kuma ba na wasa ba ne, a tsaya baya.

Mu zo ga dare sosai. Hasken wata ranar goma sha huɗu hasken rana ne da ya dawo, sai dai ya ragu wajen ninki dubu ɗari huɗu. A farin wata, f/4 da ISO 100, wajen minti huɗu, za ka ga duwatsun Riyom sun fito kamar da rana, sama shuɗiya, ga kuma taurari a ciki. Taurarin ba za su fito ɗigo ba, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a minti huɗu. In ɗigo kake so, ka raba 500 da tsawon idon kyamararka: mai milimita 24 zai ba ka kamar sakan 20 a kyamara mai cikakkiyar sensa. In zare kake so, B ce hanya, kuma a daren da ba wata.

Akwai abin da ya keɓanta da mu a nan. Hotunan da kuke gani daga Turai, taurari sun yi da'ira cikakkiya can sama, ba za ku same su haka a Jos ba. Tauraron arewa ne tsakiyar da'irar, tsayinsa daga ƙasa kuwa daidai yake da nisan wurinka daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, mu kuwa muna wajen digiri goma. Ka miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan daga inda sama ta haɗu da ƙasa, nan yake. Saboda haka da'irarmu ƙasa ta cinye kusan rabinta, sai ta yi baka a kan dutse, kuma ni ta fi mini kyau a haka. In ka juya gabas, taurari kusan a miƙe suke hawa. A watan Nuwamba, da an yi Isha'i, Kaza da 'Ya'yanta sun riga sun tashi a gabas. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba shi ne lokacinku, damina ta wanke sama, hazon hunturu bai kankama ba. Sai dai raɓa, ku riƙa duba gilashi da tocila tsakanin ɗauka da ɗauka.

Sensa tana ɗumi in ta daɗe a buɗe, ɗumin kuma shi ke haifar da jajaye da shuɗɗan ɗigo a hoto. Mu da ke sama da mita 1,200 a kan tudu, sanyin darenmu riba ne, abokan aikinmu na Abuja ba su da shi. Amma sanyin yana cin batir, ka ajiye na biyu a aljihun ciki. Akwai kuma saitin rage tsaki na doguwar ɗauka: in a kunne yake, bayan ɗaukar minti goma kyamara za ta sake yin wani minti goma ƙofa a rufe, tana auna ɗigon don ta cire. Ba lalacewa ta yi ba, kada ka zare batir. In kana kusa da hasken gari, awa guda a buɗe za ta wanke sama gaba ɗaya. Gara ka ɗauki hotuna masu sakan 30 a jere ka haɗa su a kwamfuta, amma ka kashe wancan saitin, in ba haka ba zaren zai yi giɓi.

Walƙiya kuwa, a farkon damina, Afrilu da Mayu: f/8, ISO 100, ka fuskanci inda hadari yake, ka buɗe, ta yi sau ɗaya ko biyu ka rufe. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya a sakan uku. In tsakanin walƙiya da ƙara bai kai sakan 30 ba, ka shige ɗaki ko mota. Ban yarda wani ya hau duwatsun Shere da sitan na ƙarfe yana jiran hadari ba. Kuma duk inda za ku da dare, ku je ku biyu ko uku, ku sanar da mai unguwa ko 'yan banga, ku nisanci shingen jami'an tsaro da kyamara.

Ga hannu can baya. Bismillah, ƙanwata.

"Malam, mu da aikin biki ke ciyar da mu, wa zai biya kuɗin hoton dutse da taurari?"

Tambaya mai kyau. A bikin ma za ki yi amfani da shi. A 1949 mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya ɗauki shahararren mai zane Pablo Picasso yana zane a iska da ƙaramar fitila a ɗaki mai duhu, dabarar ke nan. Ki fitar da ango da amarya inda ba fitila, su tsaya cak. Ki sa f/8, ISO 100, ki buɗe a B. Yaronki ya bi bayansu da tocila yana fuskantar kyamara, ya zana abin da kuke so, ko sunansu. Yana gamawa ya kashe tocila ya fice, ki harba filasha sau ɗaya da hannu a kansu, ki rufe. Filashar ita ce za ta fito da fuskokinsu tsaf, tocila ta bar zanen. Abu biyu za ki kiyaye. Wanda ke fuskantar kyamara in ya yi rubutu yadda ya saba, a juye zai fito, sai ya koyi rubutawa ta baya tun a gida. Kuma ya sa baƙaƙen kaya, kada ya daɗe a wuri ɗaya, in ba haka ba shi ma zai shiga hoton.

Mu tsaya nan, an kusa kiran Magariba. Bayan salla mu haɗu a filin baya, masu sitan su kafa, a samo mana tocila biyu, kowa ya gwada da hannunsa.