Ɗanyen Kan Samari da Rashin Aikin Yi a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, ƴan uwa matasa, barkanmu da warhaka.

Duk mazaunin garin nan ya san bambancin fada da abin da samari ke kira palais. Fada wurin shayi ne da hira. Palais kuwa gungun samari ce mai shugaba, tana da suna a jikin bango, da ƙarfen ɗagawa da aka yi da siminti cikin gwangwani biyu, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ana yawan ambaton Kara-Kara, amma abin ya wuce unguwa guda. Mun ga inda ɗanyen kai ke kaiwa ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a garin nan, aka rasa rayuka.

To, daga ina yaran nan ke fitowa? Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram na da mutum sama da miliyan 3 da rabi, ta fi kowace jiha a Nijar, kuma kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, mutane sun sa rai. Sai dai matata aikin injuna ne da ƙwararru, ba ta da gurbin dubban yaran da suka bar lakwal kafin BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji.

Abin da ya riƙe da yawansu shi ne ruwa-ruwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta Magarya da Matamaye ana sayarwa a kwalabe. Ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ribar ta tsuke. Bayan wata biyu aka rufe iyaka. Mai jarka ya koma kabu-kabu, wato haya da moto, inda dama an yi yawa.

A nan nake so mu tsaya, don nan ne ɓarnar take. Galibi moto ba na yaron ba ne. Kowace yamma akwai kuɗin da zai kai wa mai shi, ko an samu fasinja ko ba a samu ba, kuma mai da gyaran taya a wuyansa suke. Sai ya cika wannan kafin ya samu na tuwo. Don haka yake gudu, yake ɗaukar mutum uku, yake aiki daga asuba har tsakar dare. Gajiya ta zo, aboki ya miƙo masa tramol. A likita ƙwayar tramadol miligiram 50 ce ko 100, kuma babba ba ya wuce 400 a yini ko da likita ne ya rubuta. Ta bakin hanya kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyaka. Abin da ke biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kama shi yana kan moto da fasinja a baya. In ya daina farat ɗaya, ga zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci, shi ya sa ake rage ta sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Duka da ɗauri ba sa cire ta daga jiki. Iyaye, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Sai maganar koyar da sana'a. Akwai FAFPA, wato asusun tallafa wa koyon sana'a, da cibiyoyin koyon sana'a, kuma suna da amfani. Amma ga inda shiri ke lalacewa, ko na wane ne. Ana koya wa yaro walda wata uku, alhali hannu ba ya faɗawa sai ya shekara biyu ko uku gaban maigida. A ba shi injin walda ba a ba shi kuɗin ƙarfe da wayar walda ba, ga wuta tana ɗaukewa, ga haya. Wata biyu sai ka ga injin a kasuwar Dole. Ko a yaye teloli hamsin a unguwa ɗaya, ɗinki kuma sai salla.

Gyaran abin a ganina shi ne a fara da tambayar kasuwa. Masu lambu a Mirriya da Gidimuni suna buƙatar mai gyaran injin ban-ruwa da famfo mai aiki da hasken rana. A ɗora yaro a hannun maigida da yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa, a biya masa abincin rana da kuɗin mota, don wanda bai ci ba ba ya zama shago. Kayan aiki kuma a ba samari uku ko huɗu tare, su biya kaɗan-kaɗan, kada su zama mallakarsu sai sun gama biya.