Kujera Mai Lamba 366 da Kabat Mai Cin Bango Guda

Ku hasko wata kujera a ranku. Ƙafafu huɗu sirara, hannuwa biyu na katako da aka goge sumul, mazauni da majingina. Iyakarta ke nan. Ba a ma raɗa mata suna ba, lamba kawai aka ba ta: 366. Wanda duk ya tashi a Poland zamanin mulkin kwaminisanci, da wuya a ce bai taɓa zama a kan irinta ba, ko a gidan kakarsa, ko a ofis, ko a wurin jiran likita.

A shekarar 1962 aka zana ta, a garin Świebodzice da ke kudu maso yammacin ƙasar. Gobara ce ta cinye wani sashe na masana'antar kayan ɗaki ta garin, aka shiga neman abin da za a iya ƙerawa da sauri, da kayan aiki kaɗan. Wani matashin mai zane, Józef Chierowski, ya zauna ya rage duk abin da za a iya ragewa a jikin kujera, ya bar abin da ba makawa. Cikin shekara ashirin an ƙera fiye da dubu 500.

To, me ya sa ta zama ƙarama haka, mara nauyi? Amsar tana cikin ɗakin da za ta shiga. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar birnin Warsaw kusan kango, mutane kuma suna ta kwararowa birane daga ƙauyuka. Gwamnati ta shiga gina dogayen benaye masu ƙananan ɗakuna. A zamanin Władysław Gomułka, wanda ya riƙe jam'iyyar kwaminisanci mai mulki daga 1956 zuwa 1970, tsimi ya kai ga ana gina kicin ba tare da taga ba, har mutane suka riƙa kiransa makahon kicin. A irin wannan gida, falo shi ne wurin cin abinci, shi ne wurin karatun yara, da dare kuma ya koma ɗakin kwana. Ƙaton kabat ɗin kaka na da can ko ƙofa ba zai wuce ba.

Nan ne wasu ma'aurata, Bogusława da Czesław Kowalski, suka shigo. A farkon shekarun 1960 sun fito da kabat mai sassa-sassa wanda ake harhaɗawa ya mamaye bango guda. 'Yan Poland suna ce masa meblościanka, wato kayan ɗaki da suka zama bango. Ka jawo wani allo ya zama tebur, ka sauke wani ya zama gado, da safe ka mayar, tsakar ɗaki ta buɗe. Ni a ganina wannan ya fi kujerar nuna basira, domin tunani ne na wanda ya san zafin zama mutum huɗu a ɗaki biyu.

Sai dai abin da ya biyo baya bai riƙe wannan sauƙin ba. A shekarun 1970 da 1980 kabat ɗin ya yi nauyi, ya yi duhu, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli kamar madubi. Ya koma wurin jere: kofunan gilashi masu tsada da ba a shan komai da su, tangaran na ranar baƙi, talabijin a tsakiya. Samunsa ma aiki ne. Mutum zai rubuta suna a jerin masu jira, ya riƙa zuwa ƙofar shago ana kiran suna, kuma in kaya sun iso, launin da ya samu shi zai ɗauka.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa ƙasar ba ta da gwanaye. Tun 1950 Wanda Telakowska ta kafa cibiyar zanen kayan masana'antu a Warsaw, burinta kyau ya shiga gidan kowa a rayuwar yau da kullum. A 1958 Roman Modzelewski ya ƙera kujerar RM58 da roba da zaren gilashi, amma ba a yi ta da yawa ba sai bayan fiye da shekara hamsin. Masana'antun kuwa sun iya aiki, shi ya sa tun 1961 IKEA, kamfanin kayan ɗaki na Sweden, ta fara ba su kwangila.

Bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, mutane suka gaji da ganin waɗannan kaya, suka riƙa fitar da su bakin bola. Yau jikokinsu ne ke bin kasuwannin gwanjo suna nema, har wani kamfani ya dawo da ƙera 366 sabuwa. Wanda ya samu tsohuwa, yawanci soson ciki ya riga ya zama gari, yadin ma ya koɗe. Sai a kwance ta, a kankare tsohon fenti, a sake manne gaɓoɓin, a sa sabon soso. Katakon nan da aka yanka shekara sittin da suka wuce galibi yana nan da ƙarfinsa.