Gwamnati ta canza, to ina makomar takunkumi da kuɗin da ke banki?

Jama'a assalamu alaikum. Yau maganar takunkumi ce, da waɗannan mutanen na banki da ke riƙe maka birman su ce sai ka kawo takardu, masu konformite kenan, wato masu duba ko an bi ƙa'ida.

Mu nan Nijar ba labari aka ba mu ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, ranar 30 CEDEAO ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi. Kwana huɗu kacal! Aka rufe iyakoki, aka hana jirage, BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ta riƙe kuɗin gwamnati, Najeriya ta yanke wuta. Kun tuna layin bankuna a Yamai, mutum da kuɗinsa amma sai abin da aka ƙayyade za a ba shi, kamiyoyi jibge a Malanville ta Benin, tsallaken gadar Gaya, ƴan albasar Galmi na neman ta inda za su fita.

To an cire takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Amma komai ya koma daidai washegari? Ina! Gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe, wannan karon daga ɓangarenmu. Amurka kuma lissafinta daban, ta dakatar da tallafi mai yawa, ta cire mu daga AGOA, tsarin shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, tun farkon 2024, cire takunkumin da CEDEAO ta yi bai taɓa wannan ba ko kaɗan.

Kuma ba sai juyin mulki ba fa, zaɓe ma na yi. Iran ta sa hannu kan yarjejeniyar nukiliya a 2015 lokacin Obama, kamfanoni suka ruga, 2018 Trump ya fice ya maido da takunkumin, Total, kamfanin mai na Faransa, ta tattara ta bar aikin gas ɗinta a can.

Yanzu mai konformite mi yake yi in haka ta faru? Shi jawabin shugaba a talabijin ba ya aiki da shi, sai takarda ta fito. Zai sake tace sunayen duk masu kwanti ya gwada da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na Tarayyar Turai, da na OFAC, ofishin takunkumi na Amurka. Sabbin ministoci da iyalansu sun shiga sahun waɗanda ake sa wa ido, tsofaffin ma ba a sake su nan take. Sannan OFAC na da wata ƙa'ida, in wanda ke cikin jerin ya mallaki kashi 50 na kamfani ko fiye, kamfanin ma ya shiga ko da sunansa bai fito ba, shi ya sa ake ta tambayarka Alhaji wa ke da kamfanin nan, su wa kuka haɗa jari.

Ni a ganina wani lokacin suna wuce gona da iri, amma tsoron nasu na da tushe. Dalar da za ka aika Dubai ko Sin sai ta bi ta wani babban banki a waje, kuma a 2014 Amurka ta ci bankin Faransa BNP Paribas tarar kusan dala biliyan 9 kan mu'amala da Sudan, Iran da Kuba. Shi bankin na waje da dalar ke bi ta cikinsa, ko an cire takunkumi yakan ɗau watanni kafin ya saki jiki, wani ma ya rufe hulɗar gaba ɗaya don ribar ba ta kai haɗarin ba.

Saboda haka in kana shigo da kaya, faktir, takardar duwan da cikakken sunan wanda za ka biya su kasance a hannunka tun kafin ka je gishe.