Karl Popper da Tambayar da Ta Raba Kimiyya da Hasashe

A ranar 29 ga Mayu, 1919, an yi husufin rana. Masanin taurari Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa na ɗaukar hoton taurari a tsibirin Principe, can cikin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya. Masanin kimiyya Albert Einstein ya riga ya ce idan hasken tauraro ya gifta kusa da rana, sai ya lanƙwasa. Da hotunan sun nuna bai lanƙwasa ba, da shi ke nan, nazariyyarsa ta rushe. Amma ya lanƙwasa.

A birnin Vienna akwai wani matashi ɗan kimanin shekara 17 da wannan labari ya tsaya masa a rai. Sunansa Karl Popper, wanda daga baya ya zama masanin falsafa. Abin da ya burge shi, kasadar da Einstein ya yi: ya faɗi tun da wuri abin da in ya faru, to ya yi kuskure.

A lokacin Popper yana taimaka wa likitan halayyar ɗan Adam, Alfred Adler. Wata rana Popper ya ba shi labarin wani yaro. Adler bai ko ga yaron ba, nan take ya fassara matsalarsa da nazariyyarsa. Popper ya lura cewa duk abin da yaro ya yi, ko akasinsa, nazariyyar tana da amsa. Kamar mai duba ne da zai ce maka akwai sauyi a gabanka. Ta ina za ka kama shi da ƙarya?

Daga nan ya gina hujjar da ya fitar a littafinsa na 1934, Logik der Forschung. Ka ce duk hankaka farin ƙirji gare shi. Ko ka ƙirga dubu, ba ka tabbatar ba, domin ba ka ga na gobe ba. Hankaka ɗaya baƙi ƙirin kuwa ya isa ya kayar da maganar. Don haka a wurinsa, magana tana zama kimiyya ne idan akwai gwajin da zai iya ƙaryata ta.

Popper ya koyi kafinta, ya yi koyarwa a makaranta. Danginsa asalinsu Yahudawa ne, kuma da barazanar 'yan Nazi ta matso, ya tafi New Zealand a 1937. A can ya rubuta The Open Society and Its Enemies, inda ya kai tunanin nan ga siyasa: a daina tambayar wa ya cancanci mulki, a tambayi yadda za a sauke mugun shugaba ba tare da zubar da jini ba. A ganina nan ne ya fi taɓa zuciya.

An yi masa raddi mai ƙarfi. Da tafiyar duniyar Uranus ta saɓa wa lissafin masanin kimiyya Isaac Newton, masana ba su yar da lissafin ba. Sun ce akwai wata duniyar da ke janta, aka kuwa gano Neptune a 1846. Masanin tarihin kimiyya Thomas Kuhn ya ce haka masana suke aiki a zahiri, ba sa sakin nazariyya don gwaji ɗaya. Popper, wanda ya koma koyarwa a Landan tun 1946, ya ci gaba da kare matsayinsa har ya rasu a 1994, yana da shekara 92.