Robot ɗin aji: yadda ɗan ƙaramin inji ke sa yara lissafi ba su ankara ba

To jama'a, ku duba abin nan da ke kan tebur. Ɗan robot ne: tayoyi biyu, batir, allon Arduino (ƴar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi), sai wasu abubuwa biyu a gaba kamar idon kwaɗo. Ba ido ba ne fa, sensa ce, wato na'urar auna nisa, ɓangare ɗaya na fitar da sauti ɗayan na saurare. Sautin kilohaz 40 ne, kunnen mutum ba ya jin sa sam. Da ya bugi bango sai ya dawo, allon kuma ya ƙirga lokacin da ya ɗauka.

Yauwa, nan ne wasan yake. Sauti na gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya cikin iska, to yaro zai zauna ya yi lissafinsa ya rubuta umarni cewa in bango ya rage santimita 20 ka tsaya, ya saki robot yana murmushi, sai kawai ya ga abin ya ƙi tsayawa sai da ya rage santimita 10, har ya kusa goga hanci. Me ya faru? Ya manta sautin tafiya ya yi ya dawo, dole a raba biyu. Wallahi yaron da ya gano wannan da ma'auni a hannunsa yana durƙushe a ƙasa, da wuya ya sake mantawa, ba kamar wanda aka rubuta wa a allo ya kwafa ba.

Haka ma wutar. Yara da yawa za su jona injin taya kai tsaye a jikin Arduino, ya ƙi juyawa, ko ma ƙafar allon, wato inda ake jona waya, ta ƙone, saboda ƙafa ɗaya wajen miliyamp 20 kawai take bayarwa lafiya, injin kuma yana son ninkin haka sau da yawa. Shi ya sa ake sa ɗan allo irin L298N a tsakani, shi ke ba injin wuta daga batir. Shi kenan darasin lantarki ya shigo da kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Seymour Papert na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa sun fito da yaren kwamfuta mai suna Logo tun 1967, daga baya yara suka riƙa tuƙa wani ɗan robot da ake kira kunkuru yana zane a takarda. Kamfanin kayan wasa na LEGO ya kawo kayan haɗa robot na Mindstorms a 1998, Arduino ya fito daga garin Ivrea na Italiya a 2005, sannan a 2016 BBC ta raba ƴar ƙaramar kwamfutar micro:bit kyauta ga yara kusan miliyan ɗaya a Birtaniya.

Amma gaskiya akwai inda ake ɓata abin. A sayo kaya masu tsada, malam ya ba yara umarnin a shirye su kwafa, robot ya yi tafiya a ɗauki hoto a tafa, to me aka koya? Sai kuma ka ga rukuni na huɗu yaro ɗaya ya kankane kwamfuta sauran na kallo, wannan malam sai ya riƙa juya su, mai jona wayoyi yau gobe shi ne mai rubuta umarni.

Yanzu bari mu liƙa baƙin salatif a farin kwali mu gwada robot mai bin layi. Sensar ƙasan tana haska infared, hasken da ido ba ya gani, fari na dawo da hasken, baƙi na shanye shi, ku lura da yadda zai yi a kwanar nan mai kaifi.